Skyline GT-R ta Tamiya a Ma'aunin 1/24: Sharhi kan Wani Tsohon Kwali

Daga cikin ƙananan motocin filastik da ake sayarwa a wargaje domin mutum ya harhaɗa da hannunsa, kaɗan ne suka daɗe ana yayinsu kamar Nissan Skyline GT-R ƙirar R32 ta kamfanin Tamiya, wadda ke ɗauke da lamba 24090 a jerin motocinsa masu ma'aunin 1/24. Wannan kwali ya shiga kasuwa ne tun zamanin da ainihin motar take sabuwa, kuma har yau ana buga shi ana saye. Ra'ayina a kansa shi ne, duk da tsufansa, ya fi sababbi da yawa dacewa da wanda ya riga ya gwada hannunsa a kan mota mai sauƙi, yake kuma son ya koyi haɗa inji da gyaran fasali, muddin ya san tun farko cewa wahalar aikin tana wajen fenti.

Ma'aunin 1/24 na nufin an rage kowane tsawo na motar sau 24. Ainihin R32 tana da tsawon milimita 4,545, saboda haka samfurin yakan tsaya a wajen santimita 19, wato yana zama daidai a tafin hannun babban mutum. Nissan ta fitar da motar a 1989 da inji mai suna RB26DETT, mai silinda shida a jere da turbo biyu da girman lita 2.6, tare da tsarin da ke iya raba ƙarfi ga tayoyi huɗu. A gasar motocin rukunin A ta Japan, daga 1990 zuwa 1993, ta lashe dukkan tsere 29 da ta shiga, sannan ta ci gasar Bathurst 1000 ta Ostareliya a 1991 da 1992. Wannan tarihi ne ya sa masu sha'awa ba su gajiya da ita, kuma shi ya sa inji ya zama dole a duk samfurin da ke son a ɗauke shi da muhimmanci.

A nan ne kwalin Tamiya ya yi fice. Motoci da dama a wannan ma'auni, har da wasu na kamfanonin Japan irin su Aoshima da Fujimi, suna zuwa ne da bonet a rufe, ba komai a ƙarƙashinsa sai zanen ƙasan inji da aka zubo tare da shasi. Wannan kuwa tana da inji na musamman da giyabos da lagireto da salansa, kuma ana iya ɗage bonet ɗin a kalli abin da ke ciki. Sassan suna zuwa manne a jikin sandunan filastik, kowane da lambarsa, kuma takardar umarni tana bin aikin mataki-mataki da zane mai tsabta, har ma tana nuna lambar fentin kowane sashe: X-18 ga baƙi mai ɗan sheƙi, XF-16 ga launin alminiyam, X-27 ga ja mai ganin ciki wanda ake shafa wa fitilun baya huɗu masu da'ira. Harafin X na fenti mai sheƙi ne, XF na marar sheƙi, TS kuma na gwangwanin feshi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sassan suke shiga juna. Idan aka yanke rabi biyu na injin, aka goge bakin yankan, aka haɗa su ba tare da gam ba, sai su kama juna su zauna cif, layin haɗin ya zama siriri kamar gashi. Daga nan sai a taɓa bakin layin da ɗan buroshin gam mai ruwa-ruwa, irin wanda Tamiya ke sayarwa a kwalba mai koren murfi, a ga ruwan ya bi layin da kansa har ƙarshe. Shi wannan gam narkar da fuskar filastik yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, don haka idan aka ɗan matse su, wani siririn tudu na narkakken filastik yakan fito, wanda in ya bushe aka kankare shi da bayan wuƙa, ba a ƙara ganin alamar haɗi. Kamfanin da Yoshio Tamiya ya kafa a Shizuoka a 1946, wanda ya fara da sana'ar katako kafin ya koma filastik, ya yi suna ne a kan irin wannan daidaito, kuma R32 ba ta ba shi kunya ba. Tayoyin na roba ne mai laushi, wilin kuma yana shiga cikin wasu ƙananan zobban roba da ake ɓoyewa a cibiyar ƙafa, ta yadda za a iya cire shi a mayar ba tare da gam ba.

Sai dai shekaru ba su ɓuya. Gangar jikin tana da siraran layukan da mazubi ya bari a gefen bamba da kafaɗun motar, kuma duk wanda ya fesa fenti bai goge su ba zai gan su sun fito ɓaro-ɓaro, musamman a ƙarƙashin launi mai ƙyalli. Ana bin su da samfefa mai lamba 600, a biyo da 1000, sannan a fesa fentin share fage mai ruwan toka, wanda shi ne ke tona duk wani rami ko ƙarzuwa da ido bai kama ba. Haka nan, a zamanin da aka tsara wannan kwali ba a saba haɗawa da yankakkun tef na rufe gilashi ba, irin waɗanda sababbin kwalaye ke zuwa da su. Baƙin zagayen gilasan, wanda shi ne ke sa mota ta yi kama da ta gaske, dole mutum ya yanka tef ɗinsa da kansa, ya bi lanƙwasar gilashin a hankali da sabuwar reza, ya shafa fentin ta ciki. Wannan shi ne mataki mafi cin rai a duk aikin, kuma gilashin filastik ba ya yafe kuskure: in reza ta zame, ƙarzuwar ta zauna, in kuma aka kusantar da gam mai saurin kamawa, tururinsa yakan bar farin hazo a jikinsa. Farin gam na ruwa, wanda yake bushewa garau, shi ne ya dace da gilashi da fitilu.

Fentin jiki kuwa babi ne mai zaman kansa. Launin da aka fi sanin R32 da shi shi ne ruwan toka mai duhu da ƙyalli, kuma gwangwanin TS-38 yana kusa da shi. Fenti mai ƙyalli yana son feshi sama-sama, sau da yawa, daga nesa kaɗan, domin in aka zuba shi da kauri lokaci guda, ƙwayoyin ƙyallin sukan taru wuri ɗaya su yi dabbare-dabbare. Ba a kuma goge shi da samfefa kai tsaye. Sai an rufe shi da fenti marar launi, an bar shi kwanaki ya bushe har ciki, sannan a bi da samfefa mai lamba 2000 a jiƙe, a ƙare da man gogewa. Akwai ƙa'ida ɗaya da ba a karyawa: fentin gwangwani irin na TS yana da kaifi, in aka fesa shi a kan fentin mai sai ya ci shi ya yamutse, don haka shi ne ke shiga ƙasa, masu laushin su hau kansa. Tururinsa ma ba abin wasa ba ne, sai a wuri mai iska kuma da takunkumin da ke tace hayaƙin fenti. Ya kamata mai saye ya sani cewa babu gam ko fenti ko kayan aiki a cikin kwalin. Filaya mai yanka, da wuƙa, da hantsaki, da buroshi, duk daban ake nemansu.

Ga masu son canza fasali, wannan mota fili ce mai faɗi, domin ainihin R32 ma ba kasafai masu ita suke barin ta yadda ta fito ba. Abu na farko da aka fi yi shi ne sauke ta ƙasa, kuma a nan lissafin ma'auni yana da amfani: milimita ɗaya a samfuri daidai take da milimita 24 a ainihin mota, saboda haka rage milimita ɗaya da rabi ya wadatar, abin da ya wuce haka sai taya ta fara taɓa lanƙwasar jikin motar da ke samanta. Canza wili yana da ɗan tarko, domin na Tamiya yana da ƙusa a bayansa wadda ke shiga cikin cibiya, alhali na Aoshima da Fujimi galibi rami ne da su, don haka sai an yi dabarar dasa guntun sandar filastik kafin su zauna a tsakiya. A ɗakin injin kuma, kada a wahalar da kai wajen jan wayoyin fulogi kamar yadda ake yi wa tsofaffin motocin Amurka, tunda a RB26 koyil-koyil ɗin suna ɓoye ne a ƙarƙashin murfin tsakiya. Abin da ke ƙara wa wurin rai shi ne bututan ruwa da na mai da wayar batir, waɗanda siririyar wayar dalma ko ta tagulla ke wakilta sosai. Murfin injin R32 baƙi ne; jan da ake yawan gani a hotuna na R34 ne, wadda ta zo shekaru goma bayanta, ko da yake mai gyaran fasali yana da 'yancin ya zaɓi nasa.

Cikin motar ba shi da yawan kwalliya, kamar dai ta gaske: sitiyari a dama, kujeru masu duhu, da sitika ta ruwa domin agogunan dashbod. Bel ɗin kujera da aka yanka daga tef aka yi wa fenti yana cike giɓin da ke akwai.

Wanda bai taɓa riƙe wuƙar wannan aiki ba zai fi samun sauƙi idan ya fara da mota marar inji, ya saba da fenti tukuna. Wanda kuma hankalinsa ke kan manyan motoci, irin Scania da Volvo da kamfanin Italeri na Italiya ke yi a wannan ma'auni, zai amfana idan ya bi ta kan R32 kafin ya kai can, domin kan babbar mota sau da yawa a falle-falle yake zuwa, sai an daidaita bango da rufi da hannu, kuma hannun da bai saba da gwada sassa a bushe kafin gam ba zai sha wuya a kansa.