Wankin haƙori a asibitin kuɗi: hannun yarinyar ya yi, teburin karɓar kuɗi ne matsala

Tun da na ce na je an wanke min haƙori ake ta tambayata ina ne, nawa ne, akwai zafi ko babu. Bari in amsa gaba ɗaya. Sunan wurin ba zan kama ba, ɗaya ne dai daga cikin asibitocin haƙorin nan na kuɗi da suka yi yawa a Kano, masu talla a Instagram da TikTok, a nuna maka baki ja wur a hagu, a dama kuma fari tas. Farashi kuwa kun san yadda yake yanzu, wanda aka faɗa maka a waya daban, wanda za ka tarar daban. Zan zo kan wannan.

Ni mutum ne mai cin goro. Ba irin na ɗan gutsira bayan cin abinci ba, a'a, ni har Mariri nake zuwa in zaɓo daushe da hannuna. Ga shayi mai kauri safe da dare. Buroshi da makilin ina yi kullum da safe, asuwaki kuma ba ya barin aljihuna, don haka ban taɓa ɗaukar kaina a cikin masu ƙazamin baki ba. Abin da ya kai ni shi ne jini. Duk sanda na goge baki sai in tofar da kumfa ja, har uwargida ta fara cewa ko dai basir ne ya hau sama. Sannan ga wani wari da ni ba na ji, amma na lura yaran aji suna ɗan ja da baya idan na sunkuya duba littafinsu.

Wurin a share yake, ba laifi. Bayan an buɗe min kati, likita ya leƙa bakina na ɗan lokaci, ya ce ba rami ko ɗaya, datti ne ya daskare, dasashi kuma ya kumbura. Daga nan ban sake ganinsa ba. Wata yarinya ce ta karɓe ni, da ƙyar in ta girmi 'yar yayana, wai ita ce mai wankin. Gaskiya raina bai so ba. Na biya kuɗin likita, a haɗa ni da yarinya? Ashe wankin haƙori dama aikinsu ne, karatunsa suka yi daban. A gabana ta yage ledar da kayan aikin ke ciki, ba tare da na tambaya ba ta nuna min layin da ke jikin ledar wanda ke sauya launi idan an dafa kayan a injin tururi. Wannan ya kwantar min da hankali, domin mu da muka san yadda ciwon hanta ya yi wa dangi illa ba ma wasa da ƙarfen da ya shiga bakin wani.

Ta kwantar da kujera, ta haska min fitila a fuska, ta rataya min wani ɗan tiyo a gefen baki mai tsotse ruwa da miyau. Sai ta ɗauko abin wankin, ɗan ƙarfe siriri mai lanƙwasasshen kai yana fesa ruwa. Ta ce ba yanka yake ba, karkarwa yake, sama da sau 25,000 a daƙiƙa ɗaya, karkarwar ce ke ɓamɓare dattin, ruwan kuma don kada ƙarfen ya yi zafi. Ƙararsa ce ta fi damuna, wani tsiii da ke shiga har cikin kunne. A kan turame ban ji komai ba sai ƙaiƙayi. Da ta gangaro kusa da dasashi kuwa sai da na damƙe hannun kujera, wani tsami ne ke tsarga min har ƙwaƙwalwa. Ba zafin da zai sa babba kuka ba ne, amma duk wanda ya ce muku ba a jin komai, ko dai bakinsa ba datti ko kuma bai faɗi gaskiya ba.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Tana cikin aiki a bayan haƙoran gaba na ƙasa, sai na ji ƙas, wani abu ya ɓalle ya faɗo min kan harshe. A daidai wannan lokacin aka ɗauke wuta. Fitila ta mutu, injin ya yi shiru, tiyon tsotsa ya tsaya, bakina cike da ruwa da jini. Ta ce, "Yi haƙuri Malam, yanzu za a tayar da janareta," ta fita. Ni kuma na kai harshe wurin. Jama'a, rami na ji. Wurin da tun ina saurayi na san shi a shafe yake sumul, yanzu harshena na shiga tsakanin haƙora, gefensu kuma kaifi-kaifi. Na tofo abin a tafin hannu, na haska da waya. Wani ɓallin abu ne mai tauri, gefe ɗaya baƙi-baƙi, ɗaya gefen ruwan ƙasa, har da shatin haƙori a jikinsa. Inna lillahi. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta karya min haƙori, ga shi ta gudu.

Janaretan nan bai tashi da wuri ba. Ina jin su a waje ana ja yana tari yana mutuwa, wani na cewa a kira wane ya zo da mai. Asibitin da ke karɓar irin wannan kuɗi a ce ba su da sola, ko batirin da zai riƙe kujera ɗaya? Ina zaune cikin duhu da zafi, na gama tsara rashin mutuncin da zan yi, har na fara tunanin wane lauya na sani. Na tuna duk maganganun da ake yi a majalisa, cewa wankin haƙori na sa haƙora su yi gwari-gwari, su yi girgiɗi, su buɗe. Abokina da ya hana ni zuwa ya faɗo min a rai, na ce ga shi maganarsa ta tabbata.

Da ta dawo ban bari ta zauna ba. Na miƙa mata hannu na ce, "Ke, mene ne wannan?"

Ba ta ko razana ba. Ta ɗauke shi da ɗan hantsaki ta ɗora a kan auduga, ta danna shi da bayan ƙarfe, sai ga shi ya marmashe ya zama gari. Ta ce, "Malam, da haƙori ne, da ni da kai duk ba mu isa mu fasa shi haka ba. Ba abin da ya kai fatar haƙori tauri a jikin ɗan Adam." Ta ba ni madubi, ta sa wani ƙarami a bayan haƙoran, ta ce in ƙirga. Na ƙirga, suna nan cif, ba wanda ya ɓalle. Rabin da ta wanke ga haƙora ɗaya-ɗaya kowanne da siffarsa. Rabin da ba ta kai ba kuwa, wata katanga ce ruwan goro ta haɗe su gaba ɗaya, ba ka ma ganin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Da ba a ɗauke wutar nan a tsakiyar aiki ba, da ban taɓa ganin bambancin da idona ba.

Yadda ta yi min bayani, wannan farin danƙon da kake kankarowa da farce idan ka tashi barci, tarin ƙwayoyin cuta ne. Idan buroshi bai same shi ba, cikin 'yan kwanaki sinadaran da ke cikin miyau sai su fara daskarar da shi, kamar dai yadda farin nan ke kama gindin butar shayi. Da zarar ya daskare, buroshi da asuwaki sun gama nasu. Bayan haƙoran gaba na ƙasa ya fi taruwa saboda a nan ƙarƙashin harshe miyau ke ɓuɓɓugowa, sai kuma gefen turamen sama ta wajen kumatu. Shi ne ke cin dasashi ya sa jini, a hankali ya ci ƙashin da ke riƙe haƙorin. Masu cewa wanki ya sa musu girgiɗi, ta ce, dama ƙashin ya riga ya zaizaye, dattin ne ya tallabe haƙoran, da aka cire sai asiri ya tonu. Ramukan da nake ji ma ba ita ta haƙa su ba, dasashina ne ya janye tuntuni ya bar wurin.

Na yi shiru na koma na kwanta.

Sashen ƙarshe shi ne gogewar, kuma shi ne mai daɗin. Wani ɗan kofin roba ne mai juyawa, ta dangwalo wani kwaɓi mai ɗan yashi-yashi da ƙamshin na'ana'a, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ta ce bayan kankara dole a goge, don wurin ya yi santsi kada sabon datti ya sami abin kamawa da wuri. Shi ne kuma ya ɗebe jan goron da ke kwance a fuskar haƙoran. Bai ɗauki lokaci ba. Na kurkure baki, na bi da harshe, santsi ko'ina. A wannan lokacin da an ba ni takarda in ba su maki, da na cika musu.

Sai na ɗaga madubi da kyau a gaban taga.

Jan ya tafi, baƙin da ke tsakanin haƙora ya tafi, amma farin nan na talla babu shi. Haƙorana ruwan madara ne mai ɗan rawaya, fiƙoƙin ma sun fi sauran rawaya. Na ce mata ina farin? Ta ce ai wannan shi ne launin da Allah ya ba ni, wanki dattin waje kawai yake cirewa. Abin da ke cikin haƙori ba ya fita da goga. Ta kawo misalin mutanen da suka tashi a inda ruwan sha ke da sinadarin fuloraid da yawa, irin Langtang a Filato ko Tibiri ta wajen Maraɗi, waɗanda haƙoransu ke da dabbare-dabbaren ruwan ƙasa tun yarinta, ta ce ko kwana aka yi ana goge su ba abin da zai sauya. Wancan farin na hoto bilicin ne, da wani sinadari ake yi, kuma kuɗinsa daban.

Ita ban ga laifinta ba, gaskiya ta faɗa min. Amma wanda ke riƙe da wayar asibitin fa? Na tura masa hoton tallarsu da hannuna, na ce irin wannan nake so, nawa ne? Ya faɗa min kuɗin wanki, bai ce min uffan kan bilicin ba. Wannan ai yaudara ce, ko a kasuwar Kwari ba a yin haka, a nuna maka shadda a yanko maka yadi. Kuma ba a nan abin ya tsaya ba. Kuɗin da ya faɗa min ashe ban da kati, ban da ganin likita, likitan da bai yi minti biyar a kaina ba. Da na zo biya kuma sai ga ƙari, wai dattina mai yawa ne, na shiga aji na biyu. Wa ya gaya min akwai aji kafin a kwantar da ni? Sannan aka turo min wani ruwan kurkure baki da makilin Sensodyne a leda, kamar kyauta, sai da na duba rasit na ga an lissafa, a farashin da ya fi na kemis ɗin unguwarmu nesa ba kusa ba. Na ajiye musu ledarsu. Yarinyar kan tebur har da tura baki. Ba wanda ya ce min yi haƙuri kan zaman duhun da na yi, sai ita mai wankin.

Kwanakin farko na sha wuya da ruwan sanyi. Ko iska na ja ta baki sai na ji tsamin nan, alwalar asuba kuwa sai da ruwan ɗumi. Ta riga ta gargaɗe ni, ta ce in riƙa kurkurawa da ruwan gishiri mai ɗumi, in sayi buroshi mai laushi, in daina dirza kamar mai jin haushi. Ta kuma hana ni gawayi da toka da hodar bekin soda ɗin da ake haɗawa da lemon tsami a bidiyo, ta ce suna cinye fatar haƙori, ita kuwa in ta tafi ba ta dawowa, kuma abin da ke ƙarƙashinta rawaya ne, wato garin neman fari sai a ƙara rawaya. Tsamin ya lafa da kansa. Jinin ya tsaya cak, wannan kam ba ƙari a ciki, yanzu kumfa fara nake tofarwa. Uwargida ce ta fara cewa warin ya tafi, tun kafin in tambaye ta.

Abin da har yanzu ke ba ni haushi shi ne ramukan nan. Nama ko zogale in na ci sai ya maƙale, dole na koma yawo da zaren sakace, abin da da nake yi wa 'yan boko dariya a kansa. Goro kuma ta ce in rage, in kuma na ci in kurkure baki nan take. Na rage ɗin, amma ga shi har ja ya fara dawowa a gefen fiƙa.

Ta ce in dawo bayan wata 6. Wankin zan sake, wannan ba shakka, kuma duk mai ganin jini a buroshi ina ba shi shawara ya je. In ka je, ka sa su rubuta maka jimillar kuɗin a WhatsApp kafin ka fito daga gida, ka tambaya wanki ne ko bilicin, ka kuma tambaya suna da sola. Ni dai ban ce zan koma can ba. Na ji an ce a sashen haƙori na asibitin gwamnati aikin ɗaya ne, layi ne kawai, kuma ina hutu a lokacin. Tun ranar kuma suke damuna da saƙo, wai an yi ragi a kan bilicin, in zo in kammala murmushina. Na toshe lambar.