Masu neman gida a Kalifoniya, ku ji yadda aka cinye mini dala 18,000

Yau kwana tara rabona da barcin kirki. Dala 18,000. Ba naira ba fa, dala. Shekara shida ina jan tirela tsakanin Sakaramento da Rino, har cikin dusar ƙanƙara, uwargida tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, muka tara ta. Cikin minti huɗu na tura da hannuna.

Kada wani ya zo yana ce mini ai da ka yi bincike. Na yi! A nan ba a miƙa wa mai gida kafin alƙalami hannu da hannu kamar a Kano. Akwai kamfanin da ke riƙe kuɗin amana har takardu su kammala, eskuro ake ce masa, kuma mai zaman kansa sai da lasisin hukumar jiha, DFPI. Na san wannan sarai. Ni na fara tambayar dillalin gidan da nake son saya, ina lasisin kamfanin eskuron? Ya turo shafinsu, ga lamba nan ɓaro-ɓaro a ƙasa. Na sa lambar a shafin hukuma, ta fito. To me kuma zan yi?

Ashe lambar ta wani kamfani ce na gaskiya. Sunan ma harafi ɗaya ya raba su. Lambar wayar kuwa daban take, ita ce ban duba ba.

Ranar Juma'a ce, ina fakin a gidan mai, shayina yana hucewa a gefen sitiyari. Dillalin ya kira ya ce, "Ɗan'uwa, mutum biyu na layi, in kuɗi bai shiga kafin ƙarfe 2 ba gidan ya wuce ka." Yatsana ya tsaya a kan wayar. Wallahi ya tsaya. Zuciyata ta ce kira matarka tukuna, na ce tana barci, ta kwana wurin aiki. Na danna. Kashi 3 cikin ɗari na gidan dala 600,000, wato 18,000.

Kai, na ma tsallake. Tun kafin wannan ya kai mu gidan sau biyu, da makulli a hannunsa, 'yata har ta zaɓi ɗaki. Ko sau uku ne? Har yau ban gane inda ya samo makullin ba. Bayan sallar Idi aka haɗa mu, wanda ya haɗa mu ɗin yanzu in ya hango ni sai ya sunkuyar da kai.

Sai ranar Laraba, da shiru ya yi yawa, na kira kamfanin na gaskiya. Matar ta ce ba su da fayil da sunana. Banki suka ce kuɗin ya bar asusun tuni. Dillali ya yi layar zana, sunansa ma babu shi a rajistar DRE, masu bai wa dillalan gidaje lasisi. Na kai ƙara DFPI da IC3, shafin FBI na karɓar ƙarar zambar intanet, ina jira.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki duk suna nan, zan sa su da zarar lauya ya ba ni dama.

Ku dai kada ku tura ko sisi sai kun ɗauko lambar wayar kamfanin daga shafin hukuma kun kira da kanku. Ku duba dillali a DRE.

Mahaifiyata ta bugo jiya daga Zariya tana tambayar yaushe za mu tare. Na ce mata takardu ne suka ɗan tsaya.