Kattappa da Sivagami: wa ya fi cin amanar Baahubali?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Kattappa da Sivagami wa ya fi cin amanar Amarendra Baahubali, tunda shi ya soka takobin, ita kuma, uwar riƙon Baahubali, ta ba da umarni. Tun 2017 ake wannan gardama, shekarar da kashi na biyu na Baahubali, fim ɗin Indiya na S.S. Rajamouli, ya fito, bayan kashi na farko na 2015 ya ƙare da Kattappa yana faɗa da bakinsa cewa shi ya yi kisan. A wurina laifin Sivagami ya fi nauyi.

Kattappa bawa ne. Kakanninsa sun yi rantsuwar yi wa gadon sarautar Mahishmati biyayya, ko wane ne ke kai. Wanda ya san matsayin bayin sarki a fadojinmu, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano, zai gane shi da wuri: yana da ƙarfi, ya san sirrin gida, amma ba ya tsallake maganar ubangidansa. Shi ya koya wa Baahubali riƙon takobi, kuma tun yana yaro Baahubali ya zauna cin abinci tare da shi yana kiransa kawu, abin da ba a saba ganin ɗan sarki ya yi wa bawa ba. Da aka ba shi umarnin kisan, roƙon Sivagami ya yi ta janye. Ta ce in bai yi ba, ita za ta yi da hannunta. Gudun kada uwa ta zubar da jinin ɗan da ta shayar ne ya sa ya amsa.

Duk da haka ba zan wanke shi tas ba. Da ƙaunar da Baahubali ke yi masa ya ɗana tarkon. An sa Baahubali ya ji cewa kawunsa na cikin haɗari, ya bar matarsa Devasena haihuwa yau ko gobe, ya fita cikin dare ya cece shi. Yana gama fafatawa da maharan, ya juya wa Kattappa baya saboda yarda, a nan takobi ya shiga. Sannan Kattappa ya ci gaba da yi wa Bhallaladeva, ɗan Sivagami na ciki da ya hau sarauta, hidima shekara 25, Devasena na ɗaure da sarƙa a filin fada tana tsintar itace, yana gani. Wannan kam yana yi mini ciwo har yau.

To amma dubi Sivagami. Ita babu rantsuwar bauta a wuyanta, maganarta ce doka a ƙasar. Ita ta shayar da Baahubali tare da ɗanta na ciki bayan mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa. Ita ta zaɓe shi sarki bayan yaƙin Kalakeya, saboda ya ceci talakawan da abokan gaba suka yi garkuwa da su, alhali Bhallaladeva ya bi ta kansu. Babu wanda ya kai ta sanin halinsa.

Sai ga shi ta yi wa Bhallaladeva alkawarin auren Devasena, gimbiyar Kuntala, ba tare da an ji ta bakin yarinyar ba. Devasena ta mayar da kayan da aka aika da kakkausar amsa, sai abin ya zama na kare girma: Sivagami ta ce a kawo ta a ɗaure. Baahubali ya tsaya kan alkawarin da ya yi wa Devasena na kare mutuncinta, tarbiyyar da ita Sivagami ta ba shi ke nan, amma ta ƙwace sarautar ta ba Bhallaladeva. Daga baya aka kori Baahubali daga fada. Da mijinta Bijjaladeva ya yaudari Kumara Varma, ɗan'uwan Devasena, ya shiga kashe sarki Bhallaladeva, aka ɗora wa Baahubali makircin, ko sau ɗaya ba ta kira shi ta tambaye shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ta zaɓi a kashe shi a ɓoye, don ta san in aka yi a fili talakawa za su yi bore. Ta yanke hukunci babu shari'a, ta kuma ɗora wa bawan da ba shi da ikon cewa a'a.

Masu kare ta suna cewa mijinta da ɗanta ne suka rufe mata ido, kuma ta biya da ranta. Gaskiya ne. Ta ɗaga jariri Mahendra, ɗan Baahubali, gaban jama'a ta ayyana shi sarki, ta gudu da shi da kibiya a bayanta, ta nutse a kogi hannunta na sama riƙe da shi. Duk lokacin da na kalli wurin nan sai idona ya cika. Sai dai nadamar ta zo ne bayan Kattappa ya dawo mata da jinin Baahubali a hannu ya faɗa mata gaskiya. Shi kuwa Baahubali, yana fitar rai, wasiyyar da ya bar wa Kattappa ita ce ya kula masa da uwarsa Sivagami.