Gangunan lantarki: wace hanyar naɗa ta dace da mai saye a Sakkwato

Mai niyyar sayen gangunan lantarki domin ya riƙa naɗar kiɗa a ɗakinsa ya kamata ya fara da duba bayan akwatin sautin da ke tafe da su, tun kafin ya ƙirga yawan faifan da ake bugawa, domin ramukan da ke bayan akwatin nan su ne za su nuna masa yadda kiɗan zai isa kwamfuta. Faifan da kansu ba su da amo sai ɗan ƙwas-ƙwas. Aikinsu shi ne su sanar da akwatin inda aka buga da ƙarfin bugun, shi kuma ya fitar da sauti.

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce a ɗauki sautin da akwatin ya fitar yadda yake. Ana jona wayoyi biyu daga ramukan hagu da dama zuwa saun-kad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, mai mashiga biyu, irin Focusrite Scarlett 2i2 ko Behringer UMC202HD, daga nan zuwa kwamfuta. Abin da makaɗi ya ji a kunnensa shi zai samu, amma duk gangunan sun riga sun cakuɗe, don haka idan babbar gangar ƙafa ta danne sauran, ko aka yi kuskuren bugu ɗaya, babu gyara sai a sake daga farko. Wasu akwatunan, kamar Roland TD-17, suna aika sauti ta USB kai tsaye, har ma suna naɗa a katin SD ba tare da kwamfuta ba.

Hanyar da na fi ba da shawara a kanta ita ce MIDI, tsarin da aka fito da shi a 1983 domin kayan kiɗa su riƙa fahimtar juna. A nan ba sauti ake naɗa ba, bayanin bugun ake adanawa: wace ganga, a wane lokaci, da wane ƙarfi. Wayar USB guda ɗaya ta wadatar, kuma ko kaya masu sauƙin kuɗi irin Alesis Nitro Mesh suna da wannan rami. Bayan an gama, kowane bugu yana bayyana a fuskar kwamfuta kamar ɗigo, sai a ja wanda ya makara a mayar da shi mazauninsa, a rage wa wanda ya yi tsanani ƙarfi, ko a sauya muryar gangunan gaba ɗaya da manhaja irin EZdrummer ko MT Power Drum Kit 2, wadda kyauta ce. Ana buƙatar manhajar haɗa kiɗa irin FL Studio ko Reaper. Audacity kuwa ba ta naɗar MIDI, kada a dogara da ita a nan.

Matsalar wannan hanya ita ce jinkiri tsakanin saukar sanda da jin amo. Idan kwamfutar ba ta da ƙarfi, makaɗi zai ji kamar wani ne ke bin bayansa da kiɗan, nan take hannunsa ya rikice. A Windows ana rage wannan da direban ASIO, wato ƙaramar manhajar da ke gaggauta kaiwa da kawowar sauti, a kuma saukar da bafa, wato yawan gutsattsarin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake su, zuwa 128, wanda a mizanin gutsattsari 44,100 a daƙiƙa bai kai milisakan 3 ba. Wanda kwamfutarsa ta gaza haka sai ya saurari sautin akwatin ta hedifon yayin bugu, ya bar kwamfuta ta riƙa adana bayanin kawai.

Game da faifan, masu raga, waɗanda Roland ta shahara da su tun 1997, sun fi na roba shiru da daɗin hannu, kuma bambancin kuɗin ya cancanta. Mai son kiɗan gida ya lura cewa da wuya ya tarar da kalangu ko kotso a cikin akwatin, sai dai ya nemi akwatin da ke karɓar sautin da mutum ya naɗa da kansa, kamar TD-17 ɗin. Ko da haka, matsa tsarkiya da ke sa kalangu magana ba abin da faifai zai kwaikwaya ba ne, gara a kira makaɗin a sa masa makirfo.

Yawancin kayan nan daga Alaba ta Legas ko daga Kano ake aiko su, da dama kuma na hannu ne, saboda haka a nemi mai sayarwa ya nuna bidiyon kowane faifai yana amsawa a tsakiya da gefe. A karanta jikin adafta, domin wutarmu 230 ce, wasu adaftocin da aka yo wa Amurka kuwa 120 kaɗai suke ɗauka, kuma jonawa ɗaya ta isa ta ƙone su. Idan janareta ya sa ƙugi a cikin naɗin, cire cajar kwamfuta a yi aiki da batir yakan kawar da shi. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu kuma suna gajiyar da roba da ramukan wayoyi, don haka a ware kuɗin zanen rufewa da kafet mai kauri da zai hana ƙafafun gangunan zamewa, a cikin lissafin sayen tun farko.