Wani kantin magungunan dabbobi a Harobanda da yadda yake hidima ga masu kiwon aladu

A ƙasar Nijar, mai kiwon shanu, tumaki, awaki ko raƙuma ba ya rasa inda zai kai kukansa, domin kowace shekara hukumar kiwo tana zagayawa da allurar rigakafin ciwon huhun shanu da ta annobar ƙananan bisashe, kuma cibiyar LABOCEL da ke Yamai tana sarrafa irin waɗannan allurai a cikin gida. Mai kiwon aladu ba ya cikin wannan lissafi. Masu wannan sana'a ƴan tsiraru ne a ƙasar da mafi yawan jama'arta Musulmi ne, akasarinsu Kirista, wasu ƴan ƙasa, wasu kuma baƙi daga Benin, Togo da Burkina Faso, kuma da yawansu ba su wuce uwa ɗaya ko biyu a bayan gida ba, wadda da ƴaƴanta ake biyan kuɗin makarantar yara. Idan dabbar irin wannan mutum ta kwanta, kantin unguwa ne asibitinsa, shi ya sa na ga ya dace a auna wani kanti da ke unguwar Harobanda a Yamai, hayin kogin Kwara, inda nake sayen magani ga aladun da dangina suke kiwo a wajen gari.

Kantin ɗaki ne guda, da kanta cike da kwalabe da kwalaye, da firiji mai aiki da hasken rana, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a garin da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa lokacin bazara. Mai kantin ma'aikacin kiwo ne da ya yi karatun aikin, kowa yana ce masa Dokta, kuma galibin masu zuwa wurinsa masu kaji ne da masu turken ragunan layya. Yana karɓar mai alade kamar yadda yake karɓar mai rago, ba tare da yatsina fuska ba, kuma wanda ya taɓa zagaya kantunan birnin da irin wannan buƙata ya san ba ko'ina ake samun haka ba.

Abin da ya ɗaga darajar wurin a idona shi ne yadda yake magana a kan zazzaɓin aladu na Afirka. Wannan cuta, wadda aka fara bayyana ta a Kenya a 1921, ta shiga Kodebuwa a 1996, ta kai Benin, Togo da Najeriya a 1997, ta isa Burkina Faso a 2003, sannan a 2020 ta yi mummunar ɓarna a babbar gonar aladu ta Oke Aro kusa da Legas. Ba ta kama ɗan Adam, amma idan mai tsananin ta shiga garke tana iya share shi kusan baki ɗaya cikin mako ɗaya ko biyu. Alade yakan daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, kunnuwa da ciki su yi ja-ja ko shuɗi-shuɗi a kan masu farar fata, wani lokaci da zawo mai jini, uwa mai ciki kuma ta yi ɓari. Cutar ba ta da magani, kuma babu allurar rigakafinta a kasuwarmu. Dokta yana faɗin wannan ƙarara ga duk wanda ya zo da irin waɗannan alamomi, yana ƙin sayar masa da kwalbar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko da mutumin ya zaro kuɗi ya nace, yana kuma umartarsa da ya sanar da ma'aikatan kiwo na hukuma domin a ɗauki jini a gwada. Ɗan kasuwa da yake mayar da ciniki da hannunsa saboda ya san maganin ba zai yi aiki ba, ya cancanci a faɗi alherinsa, musamman ganin cewa masu tallar magani a ranakun kasuwa za su sayar wa mutum da kowace irin kwalba su rantse masa cewa ita ce waraka.

A madadin kwalba, yana ba da shawara, kuma shawararsa ta dace da aljihun talaka. Yana cewa a tsare aladu a cikin shinge maimakon a sake su suna yawo a juji, a ware duk sabuwar dabbar da aka sayo har wata guda kafin a haɗa ta da na gida, a hana mahauta da dillalai shiga cikin shingen domin ƙwayar cutar tana bin takalmi, tufafi da wuƙa, a kuma yi hattara da aron namiji daga maƙwabci don barbara. Ya fi tsayawa a kan ragowar abincin gidajen cin abinci da mutane suke kwasowa daga cikin gari: ƙwayar cutar tana iya rayuwa watanni a cikin nama, saboda haka dole a tafasa ragowar na aƙalla minti 30 kafin a zuba. Yana kuma gargaɗi a kan aladen da aka karyar da kuɗinsa ba dalili, domin al'adar masu kiwo ce su yi gaggawar sayar da garke da zarar sun ga mutuwa ta fara, kuma ta wannan hanya cutar ke tsallake iyaka. Ba duka ake iya bi ba. Itacen tafasa abinci kuɗi ne, wanda ba shi da namiji kuma dole ya yi aro. Amma aƙalla mutum yana fita daga kantin ya san ƙofar da ɓarawon yake shigowa.

A kan cututtukan yau da kullum aikinsa yana da tsabta. Tsutsar ciki, ƙazwa da ƙwarƙwata su ne ke cinye ribar mai kiwo a ɓoye, kuma yana ba da ivermectine gwargwadon nauyin dabba, wato mililita 1 ga kowane kilo 33, yana auna wa mai uwa ɗaya a sirinji don kada ya sayi kwalbar da za ta lalace a hannunsa. Yana tunatar da mutane cewa cikin alade kwana 114 ne, wata uku da mako uku da kwana uku, don a shirya wurin haihuwa, kuma ƴaƴan da aka haifa a kan siminti suna buƙatar allurar sinadarin ƙarfe a kwanakinsu na farko, in ba haka ba jininsu ya ƙare su yi fari su rame. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, yana nanata cewa alade ba ya yin gumin da zai sanyaya jikinsa, don haka inuwa da ruwan sha da ɗan taɓon birgima sun fi kowace allura.

Inda na ga kantin ya gaza shi ne batun tsutsar nan mai faɗi da ke yin ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa a cikin nama da ƙarƙashin harshe. Alade yana ɗaukarta daga bayan gidan ɗan Adam, wanda ya ci naman da bai dahu ba tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta kuma da ke fita a bayan gidansa idan suka shiga abinci ko ruwa suna iya kaiwa ƙwaƙwalwar wani su haddasa farfaɗiya, ko da wannan mutumin bai taɓa ɗanɗana naman alade ba a rayuwarsa. Batu ne da ya shafi unguwa duka, Musulmi da Kirista, amma Dokta ba ya tayar da shi sai an tambaye shi, kuma oxfendazole, maganin da ke kashe ƙwayayen a jikin dabba, ba kasafai ake samunsa a kantarsa ba.

Aibi na biyu ya fi wannan nauyi. Idan mai kantin ya fita aiki, yaron da ke tsare wurin yana sayar da oxytetracycline, allurar kashe ƙwayoyin cuta, ga duk wanda ya ambaci sunanta, ba tambaya, ba kuma bayanin kwanakin da ya kamata a jira bayan allura kafin a yanka dabba, alhali ragowar magani a cikin nama tana shiga cikin mai ci, yawan amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba kuma yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Kuɗin kayan Dokta ya ɗan ɗara na masu talla, abin da nake ganin ya halatta tunda maganinsa bai kwana a rana ba, sai dai zuwa gida duba dabba yana da wuya ga wanda ke nesa da kwalta, kuma mai kiran ne ke biyan kuɗin man babur. Idan babbar Salla ta ƙarato kuwa, masu raguna suna cika wurin har mai alade ya rasa damar yin tambaya a tsanake. Wanda ke son ya sami Dokta da kansa, ya je da sassafe kafin ya fita zagaye, ya kuma tafi da hoton dabbar a wayarsa da ƙiyasin nauyinta.