Fitilar kashe ƙwari mai caji: ga sauro ba ta tsinana komai, amma daren shinge ta yi min rana

Masu tambaya a kan fitilar nan mai shuɗin haske da ake ta tallarta yanzu wai tana kashe sauro, to ga abin da na gani bayan na yi amfani da ita tun daga zafin bazara har damina ta zauna a nan Zariya. Irin 'yar Chaina ɗin nan ce mai maratayi a sama, ana cajinta da caja irin ta waya, a tsakiya akwai ƙwai mai shuɗin haske, an zagaye shi da ragar ƙarfe mai lantarki, sai kejin roba daga waje dan kar yaro ya zura yatsa, a ƙasa kuma ɗan faranti ne da ake zarewa a zubar da gawar ƙwari. Suna kala-kala ake buga musu a jikin kwali amma in ka duba duk kusan abu ɗaya ne.

Maganar sauro dai a taƙaice, kar ka saya dan shi. Mai shagon cewa ya yi "Alhaji in ka kunna wannan ka yi bankwana da gidan sauro", wallahi ba haka bane. Ka kunna ta a ɗaki ka kwana, da safe ka zare farantin za ka ga 'yan ƙananan malam buɗe littafi na dare da wasu ƙwari da ba ruwansu da kowa, sauro kuwa sai ka yi sa'a ka ga ɗaya ko biyu, sauran suna nan a kunnenka suna kuka. Kuma ba wai tawa ce ta lalace ba, shi sauro numfashin mutum yake bi da ɗumin jiki da warin gumi, shuɗin haske bai dame shi sosai ba. A Amurka masu bincike na jami'ar Delaware sun taɓa ƙirga ƙwarin da irin waɗannan fitilun suka kashe, a 1996 suka fitar da sakamakon, cikin ƙwari 13,789 guda 31 ne kacal masu cizo. Dan haka duk mai yara ƙanana ko mai juna biyu a gida dan Allah kar a naɗe gidan sauro saboda wannan fitilar, zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa bane.

Inda ta burge ni shi ne farkon damina. Duk wanda ya tashi a arewa ya san daren nan, an yi ruwa mai ƙarfi ƙasa ta sha sosai bayan watanni tana ƙone, washegari ko ma ranar da yamma gari ya yi luf ba iska, zufa na karyo maka ko a zaune kake, ana idar da magariba sai ka ga shinge ɗaya ya faɗo kan tabarma, kafin ka ce me sun cika ko ina, kan ƙwan lantarki, kan talabijin, cikin miya, cikin riga. A gidanmu abin ya fi muni dan akwai suri babba a filin da ke bayan katangarmu kuma mu ne masu sola a layin, in nepa ta ɗauke to mu kaɗai ke da haske, duk shingen unguwa gidanmu yake yowa.

Bana da na ga alamar daren sai na kashe duk ƙwayayen tsakar gida da na baranda, aka ja labule, na rataye fitilar can jikin bishiyar darbejiya kusa da ƙofar gida, nesa da ɗakuna. Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Gaba ɗaya suka karkata can, suka yi mata rumfa, tas tas tas ɗin ragar ba tsayawa, mu kuma muka ci tuwonmu a baranda cikin duhu-duhu ba wanda ya tsamo fiffike daga kwano. Hajiya da ta fi kowa ƙin abin dan suna shigar mata kunne har cewa ta yi "kai wannan karon ka yi sayayya".

Sai dai ragar ba ta jure yawansu ba. Shinge ƙato ne ga maiƙo, kafin wani lokaci sun toshe tsakanin wayoyin, ƙarar ta mutu, wani ƙauri ya tashi, daga nan haske kawai take bayarwa ba ta kashe komai. Amma ko a hakan ta gama aikin da nake so, dan hasken ne ke janye su daga ɗakuna. Da na ga haka sai na sa aka ajiye babbar roba da ruwa a ƙarƙashinta yadda iyayenmu ke yi da fitilar ƙwai, suna bugunta suna faɗawa ciki, fiffike ya jiƙe ba tashi. Yaran maƙota suka zo da kwanoninsu suka kwashe na cikin ruwan aka kai wa uwarsu ta soya da ɗan gishiri, ko mai ba a sa masa dan da man jikinsa yake soyuwa. Wanda ragar ta ƙona dai na hana su, kaji aka zuba wa.

Abin da na fahimta shi ne amfanin fitilar nan gaba ɗaya ya rataya ne a kan ka san ranar da za su fito, dan batirinta ba ya kai ko ina. A kwali an rubuta awoyi masu yawa, a zahiri daga magariba kafin tsakar dare hasken ya dushe, in ta kwana biyu a ajiye kuma sai ka tarar cajin ya zube da kansa. To in ba ka cika ta da rana ba, lokacin da kake buƙatarta a mace za ka same ta.

Su kuwa ba haka kawai suke fitowa ba. Masu fiffiken nan 'ya'yan gara ne maza da mata da aka rena a cikin suri dan su je su kafa sabon gida, a shirye suke tun kafin ruwa, jira kawai suke. Yayyafi ba ya fito da su, sai ruwan da ya ratsa ƙasa, saboda in sun sauka sun karkaɗe fiffike dole su haƙa rami su shige kafin gari ya waye, busasshiyar ƙasa kuma ba ta haƙuwa, ga jikinsu ba ya jure bushewa. Iska mai ƙarfi ma tana hana su dan tashinsu ba ƙarfi gare shi ba. Kuma duk surin da ke yankin kusan lokaci ɗaya suke sakin nasu, ta haka na wannan gidan ke haɗuwa da na wancan, su kuma kwaɗi da ƙadangaru da jemagu da tsuntsaye ko sun ci sun ƙoshi sai wasu sun tsira. Mu nan wajen Kaduna da Zariya daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu ake fara sa ido, Jos da kudancin Kaduna sukan riga mu, Kano da Katsina da Sakkwato har zuwa Maraɗi da Damagaram sai wajen Yuni tunda ruwansu na baya. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen saukar damina na kowace jiha a farkon shekara, yana taimakawa, amma ni hadari da zufar yamma nake kallo. Ba dare ɗaya bane kuma, bayan ruwa na biyu da na uku ma sukan sake fitowa ko da ba su kai na farko ba.

Akwai kuma tururuwa mai fiffike da mutane ke haɗa ta da shinge, alhali ba danginsu ɗaya ba. Ka kama ɗaya ka duba, ita tururuwa ƙugunta a tsuke yake siriri, ƙahonnin kanta a lanƙwashe, fiffiken gaba ya fi na baya girma. Shinge jikinsa a miƙe ba ƙugu, fiffikensa huɗu duk tsawo ɗaya kuma da ka taɓa sun zube. Ita ma tururuwar yanayin da take so kenan, ɗumi da laima bayan ruwa ba iska, a sama ake barbarar, namijin ba ya daɗewa yake mutuwa, macen ta sauko ta cire fiffikenta ta nemi rami ta zama uwar gida, da barbarar ranar nan kaɗai za ta yi ta ƙwai shekara da shekaru. Gara kuwa namijin tare suke shiga ramin su zauna. Na kawo wannan ne dan wasu tururuwan da rana tsaka ko da la'asar suke tashi, na gan su suna ɓulɓulowa daga tsagar siminti a gindin rijiyarmu rana na dukan ƙasa bayan ruwan dare, na kunna fitilar a gefensu ko kallonta ba su yi ba, hasken rana ya shanye nata. Na dare ne kawai take ja, har da ƙaton jan nan mai dogon ciki da ke zuwa yana ta bugun ƙwai yana faɗuwa ƙasa, wanda namijin kwarkwasa ne, duk girman nan nasa ba ya harbi.

Ashe ba mu kaɗai ke fama ba, a Ingila tururuwarsu mai fiffike a watan Yuli zuwa Agusta take fitowa, har na'urar hango ruwan sama ta hukumar yanayinsu ta taɓa ɗaukar gungun tururuwa a matsayin ruwa a 2019. Binciken da suka yi can ya nuna tururuwar tasu ba ta tashi sai zafi ya haura digiri 13 kuma gudun iska bai kai mita 6.3 a daƙiƙa ba. Mu zafi ba ya yanke mana, shi ya sa ruwan farko ne ke buɗe musu ƙofa.

Wasu abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ɗan burushin da aka haɗo a kwali ya yi ƙanƙanta, goge ragar bayan daren shinge aiki ne, sai da tsohon burushin haƙori, kuma ka tabbata ka kashe ta ka bar ta ta huce kafin ka sa hannu dan takan riƙe wuta. An rubuta ruwa ba ya shigarta, ni dai ramin cajin a buɗe na gan shi, in hadari ya haɗo ina shigar da ita. Kar a rataye ta kusa da kicin ko inda ake shanya abinci, in ta fasa ƙwaro ɓurɓushinsa watsuwa yake. Masu shayi da masu tsire da na ga sun fara rataye ta daidai kan tebur, dan Allah ku matsar da ita gefe, kuna kira wa kanku ƙwarin ne kan abincin mutane.

Abu ɗaya da nake so a ɗauka da muhimmanci, in ka ga shingen daga cikin ɗaki yake fitowa, ta jikin bango ko silin ko gindin ƙyaure, tagogi kuma a rufe, to ba baƙo bane, gara ce ta riga ta zauna a gidan tana cin katakon rufi ko azara. Fitila ba za ta yi maka maganin wannan ba ko guda goma ka saya, masu fiffiken kawai za ta kashe uwar tana ƙasa tana ta ƙwai. Ka nemi masu feshin gara na ƙwarai su bi hanyar ƙasar da ta gina a bango su gano inda take, kafinta kuma ya hau ya duba katakon.

In gidanka kusa da fili ne ko gona, ko kai ne mai sola a layi kamar mu, saye ta, ka nemi mai babban batiri, ka sa mai shagon ya kunna maka ita a gabanka ka ga ragar na tartsatsi kafin ka biya. Wanda yake tsakiyar gari ba suri kusa da shi, kuɗin ya fi amfani a ragar taga.