Ƙamus ɗin RAE da Kalmar "Cola" Mai Asali Uku

Kalma ɗaya mai haruffa huɗu ce ta kai ni ga ƙamus ɗin intanet na Real Academia Española, cibiyar kula da harshen Sifaniyanci da aka kafa a Madrid a shekarar 1713. Ina cikin karatu na ci karo da jimlar "había mucha cola en el banco", sai wata manhajar fassara da ke wayata ta shaida mini cewa akwai wutsiya da yawa a banki, alhali marubucin yana nufin dogon layin mutane ne.

Da na rubuta "cola" a shafin ƙamus ɗin, wanda ake amfani da shi kyauta, sai na tarar bai jibge ma'anonin wuri guda ba. Ya raba su gida uku, kowane da lambarsa da asalinsa. Ta farko daga Latin take, ita ce wutsiyar dabba, kuma daga gare ta aka samu layin jira, da jelar tauraro mai wutsiya, da bayan doguwar riga mai jan ƙasa. Ta biyu, wadda tushenta ya kai har Girkanci, gam ce ta liƙa abu. Ta uku kuwa goro take nufi, kuma ƙamus ɗin ya danganta ta da harshen Mandingo. Wannan rabe-raben shi ne babban amfaninsa a wurina, domin mai koyo yakan gane cewa layi da wutsiya 'yan ɗaki ɗaya ne, abu mai tsawo da ke bin baya, yayin da gam da goro baƙi ne da suka yi kamar suna kawai. Da zarar mutum ya fahimci haka, nauyin hadda ya ragu ƙwarai.

A ƙasan kowane gida an jera maganganun da kalmar ke shiga. Nan na koyi "hacer cola", wato bin layi, da "traer cola", wadda ake faɗa a kan al'amarin da zai bar baya da ƙura. Wadda ta fi burge ni ita ce "no pegar ni con cola", ma'ana abubuwa biyu ba su dace ba ko da an sa musu gam, kuma ganin ta a ƙarƙashin gida na biyu ya sa ban taɓa rikita ta da wutsiya ba.

Tun da an tsara ƙamus ɗin tare da cibiyoyin sauran ƙasashen da ke magana da harshen, yana nuna inda ake amfani da wata ma'ana, ko Meziko ko Ajantina, da kuma wadda ta hira ce kawai.

Sai dai bayaninsa duka da Sifaniyanci ne, da gajerun alamomi irin su "coloq." da "f.", kuma misalan jimloli ba su da yawa. Sabon shiga zai fi jin daɗin farawa da ƙamus mai harsuna biyu, sannan ya zo nan idan kalma ta yi masa gardama. Wanda ya yi nisa kuwa, zai iya komawa jimlata ta farko ya duba "banco", domin ita ma, ban da banki, tana nufin benci da garken kifi.